Ambaliyar Damina, Tun da Rani Ake Ƙulla Ta

Da asubahin Alhamis, 29 ga Mayun 2025, ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na jihar Neja, mutane suna barci. Cikin kwana biyu gawarwakin da aka zaƙulo daga laka da ɓaraguzai sun haura 150, waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba kuwa ɗaruruwa ne, cikinsu har da almajirai da dama. Damina ma ba ta kankama ba. Nan da nan magana ta bazu cewa an saki dam ɗin Kainji ko na Jebba. Ministan albarkatun ruwa, Joseph Utsev, ya fito ya ce babu dam ɗin da aka saki. Mamakon ruwan sama ne ya sauka, ya nemi wata tsohuwar ƙorama da ke zuba a rafin Dingi, ya tarar an toshe ta da gine-gine. Ƙoramar ta daɗe ba ta kawo ruwan kirki ba, har mutane suka daina lissafa ta cikin hanyoyin ruwa.

Mai sauraro na iya jin haushin wannan bayani, ya ce gwamnati ce ke wanke kanta tana jingina laifi ga waɗanda ke kwance a kabari. Akwai ƙamshin hakan. Amma ko da wace niyya aka faɗe shi, ya taɓo gindin matsalar. Idan aka bi diddigin ambaliyar da ta ci rayuka a ƙasashenmu cikin shekarun nan, sau da yawa za a tarar an ƙulla ta shekaru kafin daren da ruwan ya sauka, a wata ranar rani da dillali ya ja igiya ya yanka fuloti a cikin kwari, mai saye ya biya, mai unguwa ya sa hannu, hukuma ta kau da kai.

Ruwan sama ko girgizar ƙasa ba sa zama bala'i su kaɗai, sai sun tarar da mutane a kan hanyarsu, mutanen kuma ba su da abin kare kai. A Janairun 2010 girgizar ƙasa mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, dab da babban birnin ƙasar, inda talakawa suka cunkushe a gidajen bulo marasa isasshen ƙarfe a kan gangaren duwatsu. Gwamnatin ƙasar ta ce fiye da mutum 200,000 suka mutu. Bayan mako shida wata mai maki 8.8 ta girgiza Chile. Ƙarfin da ta saki ya ninka na Haiti wajen sau 500, amma mamatan ba su kai 600 ba. Gaskiya ne cibiyar ta Chile ta fi zurfi, kuma a teku take, sai dai wannan bai isa ya bayyana tazarar ba. Chile ta sha girgizar ƙasa har ta kafa dokar gini mai tsauri, kuma ana bin dokar.

Alƙaluman duniya ma hanya ɗaya suka bi. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara bayanan shekara 50, daga 1970 zuwa 2019, ta ga bala'o'in yanayi da na ruwa da aka rubuta sun ninka sau 5, yawan masu mutuwa kuwa ya ragu sosai saboda gargaɗin gaggawa ya inganta. Amma cikin fiye da mutum miliyan 2 da suka mutu a tsawon lokacin, kashi 91 cikin 100 'yan ƙasashe masu tasowa ne. Wani bincike kuma da masanan Bankin Duniya suka jagoranta, aka wallafa a mujallar Nature a 2023, ya auna hotunan tauraron ɗan'adam daga 1985 zuwa 2015. Matsugunan mutane a duniya sun faɗaɗa da kashi 85 cikin 100, amma a wuraren da suka fi kowane haɗarin ambaliya faɗaɗar ta kai kashi 122. Wato gini ya fi sauri a bakin ruwa fiye da kan tudu.

A ƙasar Hausa wannan sabon abu ne. Kakanninmu sun raba ƙasa gida biyu, kuma ba sa haɗa su: gari a kan tudu ko jigawa, gona da lambu a fadama. Wanda ya kafa bukka a kwari an san na ɗan lokaci ne, kafin ruwa ya zo ya tattara ya hau sama. Cikin birni kuma akwai kududdufai. A Kano, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne suka zama matattarar ruwan damina, kowace unguwa da nata, rarar kuma ta gangara Jakara ta fice daga gari. Ba wanda zai ce kududdufi wurin tsafta ne. Gidan sauro ne, kuma ya ci yara masu wanka ba adadi. Amma yana riƙe ruwan da ba shi da wurin zuwa. Cikin shekaru arba'in ɗin nan an cike da yawansu da bola, aka bi da ƙasa, aka yanka, aka gina shaguna da gidaje, ba tare da an haƙa lambatun da zai ɗauki nauyin da suke ɗauka ba. Tsakar gidan da da ƙasa ce mai shan ruwa yanzu siminti ne, rufin soro ya koma kwano, lungu ya koma kwalta. Duk ɗigon da ya sauka titi yake nufa, kwatar da ke titin kuma leda ta riga ta cika ta.

Yawan jama'a ne ya fara tura mu ƙasa. A 1960 mutanen Nijeriya wajen miliyan 45 ne, ƙidayar 2006 ta ba da miliyan 140, yau an haura miliyan 220. Nijar ta tashi daga ƙasa da miliyan 4 zuwa fiye da miliyan 25. Kano da ƙidayar 1952 ta samu kimanin mutum 130,000 yanzu ta haura miliyan 4, Yamai kuma daga wajen 30,000 a lokacin samun 'yanci ta zarce miliyan 1 a ƙidayar 2012. Tudu ba ya ƙaruwa. In ya cika, na baya sai gangare, na bayansu sai kwari.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi yawan jama'ar kansa bayyana halin da muke ciki. Shekarun da biranen Sahel suka fi kumbura su ne shekarun fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 har cikin 1990 ruwan sama ya ja baya a duk yankin, aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, aka sake wani a 1983 zuwa 1985. Dabbobi suka ƙare, gonaki suka ƙi, mutanen karkara suka kwararo birni. Abin da suka tarar a gefen gari shi ne fadamar da ta bushe ƙayau, tafkin da ya zama fili, ƙoramar da yara ke buga ƙwallo a cikinta. Yaron da aka haifa a 1975 ya girma har ya yi aure bai taɓa ganin ruwa a wurin ba, don haka in tsoho ya ce masa nan hanyar ruwa ce, sai ya ɗauka zancen da ne. A Dakar haka aka cika kwaruruwan Pikine da Guédiawaye da gidaje a lokacin fari, da ruwa ya dawo a 2005 da 2009 unguwanni suka yi watanni a cikinsa, wasu gidajen har aka bar su gaba ɗaya. Fari ya kore mutane zuwa kwari, ya kuma shafe musu tarihin kwarin.

Bai tsaya nan ba, ya sauya ƙasar kanta. Masu auna koguna a Nijar da Burkina Faso sun lura da wani abin mamaki: a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gangarowa rafuka ƙaruwa ya yi. Dalili shi ne itatuwa da ciyayi sun mutu, an sare saura don itacen girki da sabuwar gona, an daina barin gona ta huta, sai fuskar ƙasa ta ƙeƙashe ta zama kamar daɓe, ruwa ya sauka ya zarce bai shiga ba. A Yamai kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta ratsa fadamun Mali a hankali, ta iso wajen Janairu, kuma da can ita ce babba. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwarowa daga yamma, ɗauke da jar ƙasar da suka kankaro. Yanzu jan ruwan ne ke karya tarihi. A Satumban 2020 ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali mita 6.2 ne matakin jan gargaɗi, ya karya shingen da aka yi wa kogin, ya shiga unguwanni irin su Lamorde. Yashin da rafukan ke kawowa kuma yana cike cikin kogin, ta yadda ruwan da da zai wuce lafiya yanzu sai ya tumbatsa.

Ruwan saman da ya dawo ma ba irin na da ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa a lokaci guda sun ninka sau 3 a Sahel tun daga 1982. Ranar 1 ga Satumban 2009 Wagadugu ta samu milimita 263 cikin rabin yini, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekararta. Ɗumamar duniya na da hannu, domin iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, in ta tashi zubarwa kuma sai ta zubar gaba ɗaya. Wannan gaskiya ce, kuma ƙasashen da suka fi ƙona mai da gawayi suna da bashin da ba su biya ba. Amma sauyin yanayi ya zama wa shugabanninmu mafaka. Kowace ambaliya aka yi sai ka ji jami'i ya ambace shi a jumlar farko, domin shi ne mai laifin da ba shi da ofis, ba a kai shi kotu, ba ya neman ƙuri'a. Sauyin yanayi bai sa hannu a takardar fili ko guda ba.

Wa ke sa hannun? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amanar jama'a, kuma a takarda babu ginin da ya halatta a birni sai da amincewar hukumar tsara birane. A zahiri yawancin sababbin unguwanninmu awon igiya ne. Mai gona a bakin gari ya ga birni ya iso shi, ya kira dillali, a yanka gonar ƙanana-ƙanana yadda za ta fi kawo kuɗi, a bar lungun da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar, ba a bar wa ruwa ko taku ɗaya ba. Ana cinikin ne tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ko'ina ya bushe, kwari da tudu duk kamarsu ɗaya a idon baƙo. Mai saye kuma ba wawa ba ne. Sau da yawa ya san wurin na da ruwa, shi ya sa ma kuɗin ya yi daidai da aljihunsa. Ɗan acaba ko mai gadi ko bazawara mai 'ya'ya biyar, da ya gaji da wulaƙancin gidan haya, yana auna ambaliyar da wataƙila ta zo bayan shekara goma da kuɗin hayar da tabbas zai zo ƙarshen shekara. Sai ya ce zai ɗaga ginin da bulo biyu, sauran kuma Allah ya kiyaye. Bayan 'yan shekaru unguwa ta cika, an kawo wuta, an kafa rumfar zaɓe, ƙaramar hukuma tana karɓar harajin shaguna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: gwamnatin da ta karɓi haraji da ƙuri'ar unguwa ba ta da bakin cewa ba ta san da zamanta ba ranar da ruwa ya ci ta.

Kuma kada a ɗauka talaka ne kawai ke gini a hanyar ruwa. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Abuja ya sha ambaliya shekara bayan shekara, har hukumar birnin ta ayyana shi yankin bala'i a 2023. A Kantin Kwari ta Kano, da ruwa ya lalata atamfofi da shaddodi na miliyoyin naira a daminar 2022, 'yan kasuwar da kansu shagunan da aka dasa a kan magudanan ruwa suka nuna da yatsa, kuma ba almajirai ne suka gina su ba. Bambancin shi ne mai kuɗi yana asarar kaya, talaka yana asarar rai. Gidan ƙasa ba ya buƙatar igiyar ruwa kafin ya faɗi, ya isa ruwa ya kwana biyu a gindin katanga, ta jiƙe, ta rufta kan masu barci. A Jigawa da Katsina da Maraɗi, da yawa daga waɗanda ake cewa ambaliya ta kashe, gini ne ya danne su. A daminar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta kuma tilasta ɗage komawa makaranta, har tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 sai da ya zube.

Maiduguri ta haɗa kusan duk waɗannan, ta ƙara da yaƙi. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, mutanen Bama da Gwoza da Konduga da Dikwa da ƙauyukansu suka kwararo birnin, har ƙungiyoyin agaji suka kiyasta cewa jama'arsa ta kusa ninkawa. Waɗanda suka shiga sansani su ne 'yan kaɗan, mafi yawa sun raɓa ne da 'yan'uwa ko sun kafa rumfa inda suka samu, filin da ba mai shi kuwa yawanci a bakin kogin Ngadda yake. Kimanin kilomita 20 daga birnin akwai madatsar Alau, wadda aka gina a shekarun 1980 don ruwan sha da noman rani, wadda kuma ta taɓa jefa garin cikin ruwa a 1994. Kwanaki kaɗan kafin 10 ga Satumban 2024 jami'an jihar sun je sun duba ta, suka ce wa jama'a su kwantar da hankali. A daren 10 ga watan ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi fursunoni 281 suka tsere, gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsa, kadoji da macizai suka bi ruwa cikin unguwanni. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, har aka sake buɗe sansanin Bakasi da gwamnati ta rufe a 2021. Wasu da suka koma cikinsa, shi ne sansanin da suka baro da murnar sun fara sabuwar rayuwa.

Tazarar shekara 30 da ke tsakanin ambaliyar 1994 da ta 2024 ita ce abin lura. Dam da shinge suna tare ƙananan ambaliya, waɗanda da su ne ke tuna wa mutane iyakar kogi kowace shekara biyu ko uku. Da an daina ganinsu, filin da ke ƙasan dam sai ya yi daraja, a gina shi, a cika shi. Ranar da ruwan da ya fi ƙarfin ginin ya zo, ko ginin ya tsufa ba gyara, abin da zai tarar ya ninka na da sau da yawa. Haka ta faru a Darna ta Libiya a Satumban 2023, inda madatsu biyu da aka yi sakaci da su suka fashe cikin dare, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, wasu dubbai suka ɓace a teku. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau a 2025, kuma ya kamata a gina ta. Sai dai in ba a haɗa da hana gini a bakin Ngadda ba, sabuwar madatsar za ta zama tallar fuloti.

Haka zancen Lagdo. Duk shekarar da Binuwai ya tumbatsa sai a nuna madatsar Kamaru da aka kammala a 1982, a kuma tuno da ta Dasin Hausa a Adamawa wadda aka tsara don ta tare ruwan amma har yau ba a gina ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Amma ministan ruwa na wancan lokaci, Suleiman Adamu, ya ce mafi yawan ruwan 2022 a cikin Nijeriya ya sauka. Ko an gina Dasin Hausa gobe, Lakwaja na nan a mahaɗar manyan koguna biyu, kuma tana ƙara miƙewa zuwa bakinsu.

Manomi da masunci lissafinsu daban ne da na ɗan birni, kuma a nan ne umarnin "ku tashi" ya fi zama maganar wofi. Mutumin Auyo ko Haɗeja ko Argungu ba arhar fili ta kai shi bakin kogi ba. Shinkafarsa da albasarsa da kifinsa duk ambaliya ce ke ba shi, laka ce takinsa. Abin da ya sauya masa shi ne ruwan ya daina zuwa bisa ƙa'idar da ya gada. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya koma gudana rani da damina, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya riƙa fasawa inda ba a saba ba. A ce wa irin wannan mutum ya koma tudu mai nisan kilomita goma daga gonarsa, an ce masa ya zaɓi yunwa tabbatacciya. A Yamai bayan ambaliyar 2012 an raba wa waɗanda abin ya shafa filaye a Seno, bayan gari, amma wurin ba isasshen ruwan sha, ba sana'a kusa, da yawa suka koma bakin kogi.

In an kawo irin wannan magana a majalisa, ba a rasa mai cewa ai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan Dala yake sai ya tafi. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, kuma ita ce ke riƙe zuciyar uwar da ta binne 'ya'ya uku rana ɗaya. A bar mata ita. Amma a bakin jami'in da aka ba kuɗin gyaran magudana, kalmar ta zama abin rufe fayil. Masu tarihin Makka sun kawo labarin ambaliyar Ummu Nahshal a zamanin Sayyidina Umar, wadda ta shiga Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya zo daga Madina ya mayar da shi, sannan ya sa aka gina shinge a saman garin don karkatar da ruwa. Bai ga saɓani tsakanin imaninsa da aikin dutse da ƙasa ba.

Ƙasar da ta fi nuna cewa yawan jama'a a wuri mai haɗari ba hukuncin kisa ba ne ita ce Bangaladash. Kusan dukkanta fadama ce a bakin teku, jama'arta kuma ta tashi daga wajen miliyan 70 a 1970 zuwa wajen miliyan 170. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kimanin 138,000, ta 2007 'yan dubbai, ta 2020 kuwa ba ta kai 30 ba a ƙasar, bayan an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin ta iso. Mutanen ba su bar bakin teku ba, don ba su da inda za su. Abin da aka yi shi ne an gina dubban mafaka masu bene a kan ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran ranakun shekara, aka kuma horar da dubun-dubatar 'yan sa-kai daga cikin ƙauyukan, maza da mata, masu bi gida-gida da lasifika da tuta. Gargaɗin yana zuwa daga bakin wanda ka sani, kuma yana zuwa tare da sunan ginin da za ka nufa.

Mu ma muna da hasashe. Kowace shekara hukumar yanayi ta NiMet na fitar da na damina, hukumar kula da koguna ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, a yi taro a Abuja da Turanci, jaridu su buga. Amma a ce ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari tsakanin Yuli da Satumba bai gaya wa magidanci komai ba. Wane lungu? Ya tashi yau ko jibi? Ya kai iyalinsa ina, wa zai tsare masa awaki da buhunan hatsi in ya tafi? Muna da abin da Bangaladash ta sha wahala kafin ta gina: masallaci da lasifika a kowace unguwa, mai unguwa da ya san kowane gida, rediyon da ake saurare har a gona. Ba a haɗa su da ma'aunin kogi ba ne kawai. Ga ruwan da ke tafe daga nesa, irin na Binuwai ko Haɗeja, wannan zai ceci rayuka da yawa, domin akwai kwanaki a tsakani. Ga irin na Mokwa, ko na Jibiya da ya kashe fiye da mutum 40 cikin dare ɗaya a Yulin 2018, tsakanin saukar ruwa da isowarsa ɗaki sa'o'i ne ko ƙasa da haka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A irin waɗannan wurare babu abin da zai yi aiki sai kada a kwana a cikin ƙoramar tun farko.

Unguwannin da suka riga suka zauna, sai dai a lallaɓa: a yashe magudana, a buɗe wa ruwa hanya inda ya zama dole, a biya diyyar gaskiya kafin rusau, a ba mutane wurin da za su iya rayuwa. Aiki ne mai tsada da rigima. Mai arhar shi ne na gidajen da ba a gina ba tukuna, kuma su ne masu yawa. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna Nijeriya za ta haura miliyan 350 nan da 2050, Nijar kuma za ta kusa ninkawa, yawancin ƙarin a gefen birane zai sauka. Gano hanyar ruwa a bayan gari ba ya buƙatar abin da ya wuce hoton tauraron ɗan'adam na ƙarshen Agusta da zama da dattawan ƙauyen. A kafa mata turaku, sannan a ba ta aikin yi, ta zama lambu ko filin ƙwallo ko filin idi ko makiyaya, domin filin da aka bari haka nan a bakin birni ba ya shekara biyar ba a cinye shi ba. A gefe guda gwamnati ta riga dillali yanka fuloti masu arha a kan tudu, da hanya da rijiyar burtsatse.

Ba ilimi ko kuɗi ne suka hana ba. Fili shi ne abin da mai mulki ke sallamar magoya baya da shi, kuma wanda zai kafa waɗannan turaku dole ya ɓata da dillalai da masu gonaki da 'yan jam'iyyarsa masu jiran rabo, amfanin aikin kuma ba zai bayyana ba sai a wata damina da wataƙila ya riga ya sauka. Rabon shinkafa da katifa a sansanin 'yan ambaliya kuwa, a labaran daren ranar ake nuna shi.